Amsoshin Tambayoyinku: Naman Kaza Mai Sa Gane-gane da Tsoron Mutuwa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Wata baiwar Allah ta rubuto mana cewa likitoci sun ce kansar mahaifiyarta ta yi nisa, fargaba kuma ta hana tsohuwar barci. Ta ji ana cewa akwai wani naman kaza da ke cire wa majinyaci tsoron mutuwa, shin gaskiya ne?

To Malama, Allah Ya ba Mama sauƙi. Sinadarin da ke cikin naman kazan da kika ji labari sunansa silosaibin, kuma ba ya taɓa ita kansar ko kaɗan. Fargaba da ƙuncin zuciya ake gwada shi a kai. A 2016 jami'o'i biyu na Amurka suka fitar da sakamako: Johns Hopkins ta gwada shi a kan masu kansa 51, Jami'ar New York kuma 29. A Johns Hopkins, kusan kashi 80 cikin 100 na cikin sauƙin damuwa har bayan wata shida.

Sai dai ki ji yadda ake yi, don aikin yana nan. Da farko ana tantancewa. Duk mai taɓin hankali, ko wanda ake da shi a danginsa na kusa, ana cire shi, saboda sinadarin na iya tayar da ciwon. Haka mai ciwon zuciya, domin yana ɗaga hawan jini na ɗan lokaci, da mai shan litiyam, wani maganin ciwon ƙwaƙwalwa, wanda haɗuwarsu kan jawo jijjiga. Sannan a yi zama da majinyaci sau da yawa har ya saba da masu kula da shi. Ranar sha, ƙwaya ake ba shi wadda aka haɗa a ɗakin gwaji, a Johns Hopkins miligiram 22 ko 30 ga mai nauyin kilo 70. Ya kwanta a kan doguwar kujera, an rufe masa ido, kiɗa a kunne, mutum biyu na zaune gefensa suna auna hawan jininsa. Cikin kamar rabin sa'a zai fara ji, ya ɗauki sa'a huɗu zuwa shida. Wasu kan shiga firgici mai tsanani ko tashin zuciya, a nan ake riƙe musu hannu har abin ya wuce. Bayan nan a sake zama a tattauna abin da ya gani.

Binciken na da rauni. Mutanen kaɗan ne, kuma ko da yake ana kwatanta shi da wata ƙwaya da ba ta da ƙarfinsa, wanda ya sha na gaske yakan gane, don haka da wuya a raba aikin maganin da na sa rai. Naman kazan jeji kuwa kada a kusance shi: ƙarfinsa ba ya aunuwa, kuma akwai mai guba da ke lalata hanta. Ki faɗa wa likitan Mama batun fargabar nan kai tsaye, domin akwai magungunan zafi da na damuwa da za a iya ba ta yanzu.

Wani mai sauraro kuma ya tambaya ko akwai ƙasar da ta halatta shi. Malam, tun Yulin 2023 Ostireliya ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa masu izini na musamman damar rubuta shi ga masu ciwon damuwar da ya ƙi jin magani. A yawancin ƙasashe haramtacce ne, mallakarsa laifi ce.