Tokar Buntun Shinkafa a Kankare: Ba Kowace Toka Ba Ce

Dubi wannan tsibin da ke bayan injin casar shinkafa a Dadin Kowa. Buntu ne. Mai injin ya rasa inda zai kai shi, sai a cinna masa wuta ya kwana yana hayaƙi. A nan cikin jihar Gombe kuma, can Ashaka kusa da Bajoga, ana gasa dutsen farar ƙasa da zafin da ya kai digiri 1,450 don a samu siminti, wanda kuɗin buhunsa ya sa gine-gine da yawa suka tsaya a linta.

To mene ne haɗin buntu da siminti?

Shinkafa tana zuƙar wani sinadari daga ƙasa mai suna silika, dangin yashi, ta tara shi a ɓawonta. Shi ya sa buntu yake da kaushi, dabba ma ba ta murna da shi. In an ƙone shi yadda ya kamata, fiye da kashi 80 cikin 100 na tokar silika ce. Shi kuma siminti, da zarar ya sha ruwa ya fara kamawa, yakan bar wani sinadarin farar ƙasa a cikin kankare wanda ba ya ƙara ƙarfi sosai. Silikar toka sai ta haɗu da wannan ragowar, su zama irin danƙon da ke riƙe yashi da tsakuwa, su toshe ƙananan kafofin da ruwa ke bi ya ci rodi. Dabarar tsohuwa ce. Rumawa sun yi gini da tokar dutse mai aman wuta kusan shekara 2,000 da suka wuce, wasu gine-ginen suna nan tsaye.

Amma fa a saurara da kyau, nan ne gizo ke saƙa. Tokar da aka kwaso daga juji, baƙa wuluk, cike da gawayi, ba ita ake nufi ba. Tokar murhu ma a bar ta wa masu ruwan toka. Ana son wuta tsakanin digiri 500 zuwa 700, da isasshiyar iska, har tokar ta fito fara-fara. In wutar ta yi kaɗan, gawayi ya rage, ya shanye ruwan kwaɓi. In ta zarce 800, silikar ta ƙandare, ta koma kamar yashi, ba ta aikin komai. Bayan ƙuna sai niƙa, har ta yi laushin siminti, a tankaɗe.

Ga lissafin. Shinkafa shanshera kilo 100 tana ba da buntu wajen kilo 20, shi kuma ya ba da toka wajen kilo 4. Buhun siminti kilo 50 ne. In za a maye kashi 10 cikin 100, a cire kilo 5 na siminti a zuba kilo 5 na toka, da sikeli, ba da kwanon sarki ba, domin toka ba ta da nauyin siminti. Masu bincike galibi suna tsayawa tsakanin kashi 10 zuwa 20. Totuwar masara, ɓawon gyaɗa da tuƙar rake su ma an gwada tokarsu, sai dai ta buntu ce ta fi yawan silika.

Kwaɓin zai nemi ruwa fiye da yadda aka saba. Kada lebura ya ɗauki bokiti ya yi ta antayawa, yawan ruwa shi ke kashe kankare. Ƙarfin kuma a hankali yake zuwa, don haka ban ruwa kullum na aƙalla mako guda dole ne, musamman lokacin hunturu da iska ke busar da komai.

Malam magini, fara da bulon katanga ko daɓen tsakar gida. Fila (ginshiƙi) da dakin (rufin kankare) kuwa, sai injiniya ya zuba samfuri, an matse shi a ɗakin gwaji bayan kwana 28, an ga abin da ya ɗauka.