Manjan da Muke Kawowa Damagaram

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe Shugaba, iyayenmu dattawa, Hajiyoyinmu, 'yan'uwana Kanawa da Daurawa da Katsinawa mazauna Damagaram, barkanmu da sake ganin juna.

Na roƙi a ba ni dama ne kan manja, don da yawanmu nan da shi muke riƙe iyali. Daga kurmi yake tasowa ya sauka Kano, ya bi ta Daura da Kongolam, ya tsallako Ɗan Barto da Matamaye kafin ya iso Kasuwar Dole. Duk hannuwan nan da ya ratsa, matar da ta miƙo kwalbarta ba ta san ko ɗaya ba. Fuskarmu kawai ta sani.

Bara da hunturu aka sauke mini jarka goma daga wani dillali da ban taɓa hulɗa da shi ba. Kun san manjan kirki in sanyi ya kama shi, ƙasansa ya daskare, samansa ya yi ruwa-ruwa, ga ƙamshin kwakwa tun kafin ka buɗe murfi sosai. Wannan kuwa ja ne wur kamar jan lalle, ba ƙamshi, na wanke hannu da sabulu har sau uku yatsuna na nan da launi. Wallahi daren nan ban runtsa ba. Ban sayar da ko ludayi ba, asarar kuma har yau ina jin ta.

Abin da marasa tsoron Allah ke zubawa wani rini ne da ake kira Sudan, wanda ake rina man goge takalmi da kyandir da robobi da shi. Ƙasashen Turai sun haramta shi a abinci saboda zargin yana jawo ciwon daji. A 2015 hukumar abinci da magunguna ta Gana ta gwada manjan kasuwannin Akara, ta same shi a mafi yawan abin da ta gwada. NAFDAC, hukumar abinci da magunguna ta Najeriya, ita ma ta sha jan kunne a kansa. Ido ba ya kama shi kullum, sai ɗakin gwaji, shi ya sa sanin wanda ka saya a hannunsa ya fi komai.

Abin takaicin, manja tsantsa alheri ne. Jan nan nasa na halitta shi jiki ke mayarwa bitamin A, wanda rashinsa ke sa yaro dundumi. A ƙasar da ɗanyen ganye ke wuya da bazara, cokali ɗaya a miyar yaro ba ƙaramin abu ba ne. Hajiyoyinmu, ku yi mini afuwa: in aka bar shi a wuta har ya yi hayaƙi ya yi fari, amfanin nan ya ƙone. Kuma kusan rabinsa kitse ne mai daskarewa, don haka masu hawan jini da ciwon zuciya su sassauta hannu.

Sai farin man jarka. Yawancinsa manja ne da aka tace, daga Malesiya da Indonesiya, ƙasashe biyun da ke samar da fiye da kashi 80 cikin 100 na manjan duniya, bayan sare dazuzzuka masu ɗimbin yawa. Ba haramun ba ne sayar da shi. Amma a ƙasar gyaɗa, inda mata ke matse mai da hannunsu suna toya ƙuli-ƙuli, kiran sa man gyaɗa cin amana ne, kuma karya musu kasuwa ne.

Ranka ya daɗe, roƙona shi ne ƙungiya ta buɗe littafi, kowa ya rubuta dillalin da yake ɗauko masa kaya, wanda ya cuci ɗayanmu a sanar da kowa. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi kuwa, duk yadda aka wanke ta, kada a sake zuba mata mai. In dattawa sun amince, ni zan fara rubuta nawa yau kafin mu tashi.