Me Za A Kai Wa Baba? Kyautar Da Ba Za Ta Kwana A Ƙasan Akwati Ba

Assalamu alaikum. Ku gwada wani abu yau. Ku je gaida mahaifinku, in an gama gaisuwa ku ce, "Baba, me kake so a sayo maka?" Na san amsar tun kafin ku dawo: "Ba komai, Allah Ya yi albarka. Riƙe kuɗinka, kai ma kana da iyali." Dattijon Bahaushe ba ya buɗe baki ya nemi abu a hannun ɗansa, ko da takalminsa ya sha ɗinki har bakaniken takalma ya gaji da shi. Saboda haka tambaya ba ta da amfani a nan. Ido ne zai yi aikin.

Wasu suna ware Lahadi ta uku a watan Yuni a matsayin ranar iyaye maza. Al'adar daga Amurka ta fito. A 1910 wata mata, Sonora Smart Dodd, ta fara ta a garin Spokane don girmama mahaifinta, wanda ya reni 'ya'ya shida bayan rasuwar matarsa, kuma sai a 1972 Shugaba Nixon ya sa hannu ta zama doka. Mu kuwa muna da namu lokutan tun fil azal: kayan azumi, ɗinkin Sallah, tsarabar tafiya, da albashin farko. Ko wanne kuka zaɓa, dabarar ɗaya ce.

Ku zauna kusa da shi na awa ɗaya kuna lura. Tabaraun da yake karatun Alƙur'ani da shi, an ɗaure ƙafarsa da zare? Rediyon da yake jin labarun safe da shi, sai an buga masa tafi kafin ya yi magana? Dardumarsa ta siɗe a wurin goshi? Yana dafa bango in zai miƙe? Waɗannan su ne jerin sayayyarku. In kun rasa, ku zagaya wurin Mama, ita ta san abin da ya yi wata uku yana ƙorafi a kai a cikin ɗaki.

Sai dai kowace kyauta tana da tarkonta. Ɗauki shadda. Yadi biyar na isar kaftani da wando, babbar riga cikakkiya kuwa a yi lissafin yadi goma. Amma wanda ya miƙa wa tsoho ɗanyen yadi bai haɗa da kuɗin ɗinki da na aiki ba, ya ba shi ɗawainiya ne, kuma wannan yadin ƙasan akwati zai tafi, ko ya ƙare a jikin wani ƙanin Baba da ya zo daga ƙauye. Ku saci tsohuwar rigarsa da ta fi zama masa daidai, ku kai wa telan da ya saba da shi. Hula ma haka: tana da lamba, wani 22 yake sawa, wani 23, don haka a tafi kasuwa da tsohuwar. Tabarau kuwa kada a saya a faifan bakin titi. A kai shi asibitin ido a auna, rakiyar ita kanta rabin kyautar ce.

Yanzu mu shiga kicin, inda aka fi tafka kuskure.

Ana kashe kuɗi a yi odar ƙaton kek mai hawa biyu, an lafta masa ado shuɗi da fari, an rubuta sunan Baba a kai. Ya duba, ya yi murmushi, ya ce a kira yara. Shi ke nan, jikoki aka yi wa biki. Ga zafin gari, ga wuta ba tabbas, kafin la'asar adon ya narke. Yawancin iyayenmu ba sa son zaƙi mai hawa kai, haƙoran wasu sun daina jure cincin mai tauri, kuma da yawa likita ya riga ya ja musu kunne kan suga da gishiri. Abin da ya dace da su shi ne mai laushi, mai ƙamshi, wanda zai bi shayin safe.

Ga wanda nake yi, kek ɗin ayaba da dabino. A cire ƙwallon dabino cikin kofi ɗaya, a jiƙa shi a ruwan zafi kamar minti 15 har ya saki, a dame shi. A murƙushe ayaba uku waɗanda suka nuna sosai, irin waɗanda bayansu ya fara ɗigon baƙi, masu sayarwa ma sukan sauke farashinsu. A fasa ƙwai biyu, a zuba man gyaɗa rabin kofi, a juya. A wani kwano a tankaɗe fulawa kofi biyu da bekin fauda ƙaramin cokali biyu, da ɗan garin kirfa da citta. Mai son ya fi riƙe ciki ya maye rabin fulawar da garin alkama. A haɗa su, a juya kaɗan kawai, da zarar farin gari ya ɓace a tsaya. Yawan juyi ne ke sa kek ya yi danƙo kamar roba. Ba a sa sukari ko ɗaya ba, kun lura.

A juye kwaɓin a gwangwanin gashi. A oba, zafi 180°C, minti 45 zuwa 50. Babu oba? Ba matsala. A sami tukunya mai kauri, a zuba yashi mai tsabta a ƙasa, a rufe ya yi zafi, a ɗora gwangwanin a kan ɗan murfi don kada gindinsa ya ƙone, a rage wuta. Kada a yi ta leƙe. In an soka tsinke ya fito a bushe, ya gasu.

Gargaɗi ɗaya, kuma da gaske nake: dabino da ayaba su ma zaƙi ne. Rashin sukari bai mai da wannan kek maganin ciwon suga ba. In Baba na fama da shi, yanka ɗaya siriri, ko ma a koma ga gasasshiyar gyaɗa marar gishiri. Mai hawan jini kuma a yi hattara da kilishi, duk da na san shi ne farkon abin da ke faɗo mana a rai. Wanda kuma ya tashi a Kano, wataƙila gurasa mai zafi daga tanderu, a yi masa bandashe da ƙuli da albasa, ta fi masa kowane kek daɗi, don tana mai da shi zamanin ƙuruciya.

Wani abu da na daɗe kafin in gane: Baba zai rabar. Kada ranku ya ɓaci. Jin daɗinsa ba a ci yake ba, yana wurin fita da faranti majalisa bayan sallar la'asar, ya ajiye gaban abokansa, ya ce kamar ba da gangan ba, "Yarinyar nan ce ta yi da hannunta." Don haka ku gasa biyu. Ɗaya a yayyanka, na majalisa da maƙwabta. Ɗayan a damƙa wa Mama ta ɓoye, ta riƙa fito masa da shi da safe. Kwana biyu zuwa uku yake yi a rufe in ba firij.

Wajen miƙawa, ba sai an tara jama'a ana ɗaukar bidiyo ba, yawancinsu kunya suke ji. A durƙusa, a ce, "Baba, ga wannan, ba yawa." Zai sa albarka, ya tura ledar gefen darduma bai ko buɗe ba, ya tambaye ku ya aiki. Ku yi sallama ku tafi. Ranar Juma'a ku tsaya daga nesa a ƙofar masallaci, ku duba hular da ke kansa.