520 ko 441: ta yaya ake ƙirga matan da haihuwa ke kashewa?

Auta: Assalamu alaikum masu saurare, muna gaishe ku daga nan Damagaram. Tun makon jiya saƙonninku suke shigowa a kan takardun nan biyu da suka zagaya WhatsApp, ɗaya tana cewa mata 520 ne ke rasuwa a cikin haihuwa 100,000 a Nijar, ɗayar kuma tana cewa 441. Wani mai saurare daga Mirriya ya tambaye mu ba tare da kwana-kwana ba: tsakanin Yamai da Majalisar Ɗinkin Duniya, wa ke yi mana ƙarya? Malam, bismillah.

Malam: Babu wanda ya yi ƙarya, Auta, domin babu ɗaya daga cikinsu da ya ƙirga mamatan ɗaya bayan ɗaya. Adadin 520 ya fito ne daga binciken da cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta gudanar a 2015, kuma kafin shi binciken lafiyar al'umma na 2012 ya ba da 535, na 2006 kuma ya ba da 648. Shi kuwa 441 ƙiyasin shekarar 2020 ne, wanda hukumar lafiya ta duniya da UNICEF da UNFPA da Bankin Duniya da sashen yawan jama'a na Majalisar suka fitar tare a 2023. Tun daga shekarun ma an riga an raba hanya.

Auta: To ai akwai rajista a kowace likita. Hajiya, me ya hana a tattara su a gama?

Hajiya: Rajista tana sanin wadda ta cika a hannunmu ne kawai, ɗiyata. Lokacin da nake aiki a wata ƙaramar likita ta karkara, an kawo mini wata yarinya a amalanke da naƙudar fari, ta haihu lafiya, na rubuta da hannuna cewa uwa da jariri suna cikin ƙoshin lafiya. Aka wuce da ita gidan iyayenta a wani ƙauye. Kwana biyu bayan suna zazzaɓi mai zafi ya rufe ta, ta rasu da hantsi, kafin la'asar an kai ta makwancinta. Sai bayan makonni na ji labarin a bakin gwaggonta ranar kasuwa. Har yau a cikin waccan rajista yarinyar tana da rai, kuma ba wanda ya je ofishin magajin gari neman takardar mutuwarta, tunda ba gado za a raba ba.

Malam: Allah ya jiƙanta. Saboda irinta ne aka ƙirƙiro hanyar tambayar 'yan'uwa. Wendy Graham da William Brass da Robert Snow ne suka wallafa ta a 1989, bayan an gwada ta a Gambiya. A yadda ake yin ta a bincikenmu, mai tambaya tana zama da mace ta sa ta lissafo duk 'ya'yan da mahaifiyarta ta haifa, na raye da na mace, sannan a kan kowace 'yar'uwa da ta rasu bayan ta isa haihuwa a tambaya ko tana da ciki, ko a wurin haihuwa ne, ko cikin wata biyu bayan haihuwa. A 2012 mata fiye da 11,000 aka zauna da su. Sai dai mutuwar da ake nema, ko a ƙasa irin tamu, kusan biyar ce a cikin haihuwa dubu, don haka dole a tara na shekaru bakwai kafin a sami abin da za a yi lissafi da shi. Ma'ana, 535 da ake liƙa wa 2012 labarin shekarun da suka gabace ta ne.

Hajiya: Kuma kalmar 'yar'uwa kanta tarko ce a bakin Bahaushiya. In ba a ce mata ciki ɗaya ba, za ta sa 'yan uba, ta sa ɗiyar kawu da suka tashi ɗaki ɗaya. Shekarar rasuwa kuwa sai an bi ta da zance, a ce kafin yunwar 2005 ne ko bayanta. Ga kunya. Yarinya mai cikin wata biyu ko uku ba ta faɗa wa kowa, in ta rasu yayarta za ta ce zazzaɓi ne, kuma gaskiyarta ke nan iyakar saninta.

Auta: Malam, ka ce wata biyu, ni kuwa kwana 42 na gani a takardar Majalisa.

Malam: Kin kama wani babban bambanci. Ma'anar hukumar lafiya ta duniya ita ce mutuwa lokacin ciki ko cikin kwana 42 bayan ƙarewarsa, kuma ya zama cikin ne ya jawo ta ko ya tsananta ciwon da ya jawo ta.

Hajiya: Wato arba'in ɗinmu ce suka yi wa gyara da kwana biyu.

Malam: Makonni shida ne, Hajiya, shida sau bakwai.

Hajiya: Na san lissafin, Malam, amma da sun bar ta arba'in da aikin ya yi sauƙi. Babu macen da za ta ce maka 'yar'uwarta ta rasu a kwana na talatin da takwas, amma kowace ta san ko an gama wankan jego ko ba a gama ba, ko an yi arba'in ko ba a yi ba.

Auta: Wadda ta rasu kwana ɗaya bayan arba'in kuma fa?

Hajiya: A wurinmu ta fita jego, a wurinsu saura kwana ɗaya.

Malam: A wurin masu binciken 2012 kuma saura kusan kwana ashirin, kun ga ma'auni uku ke nan a kan mace ɗaya. Bayan haka tambayar wancan lokaci ba ta ware dalili ba, ta yadda mai cikin da mota ta kaɗe a hanyar Magarya ita ma ta shiga lissafi. Shi ya sa masanan Majalisa, idan suka karɓi sakamakonmu, ba sa ɗaukar 535 yadda yake. Abin da suke ɗauka shi ne kason da mutuwar ciki da haihuwa ke da shi a cikin dukan mace-macen mata masu shekara 15 zuwa 49, su rage kashi 10 cikin ɗari a ƙasashen Afirka kudu da Sahara don fitar da haɗura da makamantansu, sannan su ɗora kason a kan nasu ƙiyasin na yawan matan da suka mutu, tunda an lura cewa 'yan'uwa sukan manta da wasu mamatan. Shekarun da babu bincike kuwa lissafi ne ke cike su, bisa abubuwa uku: arzikin ƙasa idan an raba shi kan kowane mutum, yawan haihuwa, da yawan matan da ƙwararre ya karɓi haihuwarsu.

Hajiya: A nan nake da ja. Idan mata sun ƙaru a likita, lissafinsu zai ce mutuwa ta ragu. Amma na sha karɓar haihuwa da fitilar hannu, jini ya ɓalle, babu jinin ƙari sai an kai birni, motar kuma ba mai. A takarda wannan matar ta haihu a hannun ƙwararriya.

Malam: Ban musa miki ba, kuma su ma suna buga adadin ne tare da iyakar ƙasa da ta sama, sai dai masu yaɗa shi su yanke iyakokin su bar na tsakiya. Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne, duk lokacin da suka fitar da sabon rahoto sukan sake lissafa dukan shekarun baya. Rahoton 2019 ya ba Nijar 509 a shekarar 2017, na 2023 ya ba ta 441 a 2020, amma kuskure ne mutum ya ɗebe wannan daga wancan ya ce ga ci gaban shekara uku. Ko su masanan waje ba bakinsu ɗaya ba. A 2010 cibiyar ƙididdigar lafiya ta IHME da ke birnin Siyatul a Amurka ta ce mata 342,900 suka rasu sanadin ciki da haihuwa a duniya a 2008, Majalisa kuma ta ce 358,000.

Auta: Mun yi wa masu saurare alkawarin faɗa musu wanda za su riƙe, ga shi lokaci ya kusa cinye mu.

Malam: Wanda zai kwatanta Nijar da Najeriya, wadda rahoton 2023 ya ba 1,047, ko zai auna nisanmu da burin duniya na rage adadin zuwa ƙasa da 70 nan da 2030, ya ɗauki na Majalisa daga rahoto guda. Wanda kuma...

Hajiya: Wanda kuma yake son sanin na jahar Damagaram, ko bambancin Tanut da Matamai?

Malam: Na Majalisa na ƙasa baki ɗaya ne, ba ya sauka jaha. Wannan sai tsarin kai rahoton kowace mutuwa da bin diddiginta, kuma bayaninsa...

Auta: Ku yi haƙuri, Malam, an fara kiran magariba. Hajiya za ta buɗe mana da shi a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.