Darasin Mako: Shirin Ranar Ganawa Ga Mai Neman Aiki

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka. Daga nan birnin Damagaram muke kawo muku darasin wannan mako, wanda zai tsaya a kan ranar da ma'aikata take kiran mutum domin a zauna da shi, a yi masa tambayoyi, kafin a yanke shawarar ɗaukarsa aiki. Ina magana ne musamman da ƙannena maza da mata waɗanda suka kammala karatu a Jami'ar André Salifou ko a makarantun koyon sana'a, da kuma waɗanda suka gama aikin bautar ƙasa suna jiran buɗi.

Batun takardu ba zai ɗauke mu lokaci ba. Ka zo da na asali tare da kwafinsu da aka buga wa hatimi a ma'aikatar magajin gari ko a komisariya: takardar haihuwa, shaidar zama ɗan ƙasa, difilom, shaidar wuraren da ka yi aiki ko sitaj, da katin mai neman aiki na ANPE, wato hukumar ƙasa mai kula da samar da ayyukan yi. Wadda ta fi ba mutane wahala ita ce takardar kotu da muke kira kaziye, mai nuna ko an taɓa yanke wa mutum hukuncin wani laifi, domin yawancin sanarwar neman ma'aikata suna son wadda ba ta wuce wata 3 ba, kuma ana karɓarta ne a kotun yankin da aka haifi mutum. Wanda aka haifa a Gure ko Tanut amma yake zaune a unguwar Garin Malam a nan Damagaram, kada ya bari sai ana gobe ganawa sannan ya tuna da ita.

Yanzu ga abin da na fi so mu daɗe a kansa. An tarbiyyantar da mu a kan kunya da kawaici, an koya mana cewa yaro ba ya kallon babba ido cikin ido, kuma yabon kai jahilci ne. Wannan tarbiyya abin alfahari ce, ba na cewa a zubar da ita. Sai dai mutanen da za ka tarar a ɗakin ganawa, ko su uku ne ko biyar, ba su san ka ba, ba su san gidanku ba, kuma mintoci kaɗan suke da su kafin su kira na bayanka. Idan ka sunkuyar da kai kana amsawa da "to" da "haka ne", ba za su rubuta cewa kai mai ladabi ne ba, za su rubuta cewa ba su ga abin da ka iya ba. Abin yana ci mini rai ƙwarai idan na ga matashin da ya san aiki ya rasa gurbi saboda ya kasa faɗin abin da hannunsa ya yi.

Mafita ita ce ka bar siffanta kanka, ka ba da labarin aikin. Wanda ya ce "ni haziƙi ne, ina da haƙuri, ina son aiki" yabon kansa ya yi, kuma duk wanda ya shigo kafinsa haka ya faɗa. Amma a ce ƙanwata ta taɓa yin aikin wayar da kai a ƙauyukan Magariya, aka tambaye ta ko ta iya hulɗa da jama'a. Sai ta ce: "A wani ƙauye iyaye mata sun daina kawo yara awon tamowa, saboda lokacin awon ya yi daidai da lokacin ɗiban ruwa. Na je wurin maigari da ungozoma, muka mayar da awon bayan la'asar, kuma cikin makonni kaɗan mata suka dawo." Ba ta yabi kanta da kalma ko ɗaya ba. Ta faɗi matsalar da ta tarar, ta faɗi abin da ita kanta ta yi, ta faɗi yadda aka ƙare, sannan ta yi shiru ta bar masu tambaya su yi hukunci. Babu abin da ya saɓa wa kunya a cikin wannan amsa.

Saboda haka, kafin ranar, ka zauna da alƙalami ka rubuta irin waɗannan labarai guda uku ko huɗu daga rayuwarka. Kada ka ce ba ka taɓa aiki ba. Wanda ya riƙe littafin bashi a shagon kawunsa a kasuwar Dole ya san lissafi da riƙon amana. Wadda ta shugabanci adashen mata a unguwarsu ta san tara kuɗi da sasanta mutane. Wanda ya koyar da ɗalibai masu yawa a aji guda a matsayin malamin kwantaragi ya san tsara lokaci. Ka kula kuma da kalmar "mun yi", domin mun saba fakewa a bayanta don tawali'u. Idan aikin na taro ne ka faɗa, amma ka bayyana kason da ya hau kanka. Bayan ka rubuta, ka faɗe su da baki a gaban wani yayanka ko malaminka wanda ba zai ji nauyin gyara maka ba, har sai kowane labari ya tsaya cikin minti biyu.

Labarin da za ka zaɓa ya danganta da wurin da ya kira ka, don haka wajibi ne ka san wurin. Idan matatar mai ta SORAZ ce, ya kamata ka san cewa ta fara aiki a shekarar 2011, an gina ta ne don tace ganga 20,000 a rana, kuma ɗanyen man yana zuwa ta bututu daga Agadem. A irin wannan wuri, labarin da ke nuna kana kiyaye ƙa'idar tsaro ya fi kowane tasiri. Idan kuwa ƙungiyar agaji ce mai aiki a Mirya ko Matamai, ka bincika ko lafiya take yi, ko ruwa, ko noma, kuma ka shirya wa tambayar ko za ka iya zaman ƙauye da damina. Ka sake karanta sanarwar aikin layi bayan layi, domin mafi yawan tambayoyin daga cikinta ake ciro su.

Game da harshe, ko da yake tun shekarar 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, yawancin ganawar ma'aikatu da Faransanci ake yin ta, don haka da shi za ka yi atisaye. Amma kada ka raina Hausarka, ko Barbarci, ko Fulatanci, ko Tamashek idan kana ji. Ga aikin da ya shafi jama'ar karkara, wannan ƙwarewa ce da ake nema, kuma ana iya juya harshe a tsakiyar hira a ce ka bayyana wa manomi wani abu. Idan aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi yadda za ka nemo amsar. Masu tambaya sun fi ka sanin fannin, kuma ƙarya guda ɗaya tana zubar da duk gaskiyar da ka faɗa kafinta.

A ranar kanta, ka sa tufafi masu tsabta da guga, ko na gargajiya ko na Turawa, ka isa da kusan rabin awa kafin lokaci. Idan kabu-kabu za ka hau, musamman lokacin ƙurar hunturu, ka sa takardunka cikin jaka ka kuma ba kanka lokacin kakkaɓe jiki. Ka kashe waya, ka yi sallama, ka jira a nuna maka kujera, gaisuwa kuma ta zama gajera. Ka riƙa duban wanda ya yi maka tambaya cikin natsuwa, ba tare da ƙura masa ido ba.

Idan aka zo maganar albashi, kada ka ce "duk abin da kuka ba ni". Ka tambayi masu irin aikin tun da wuri, ka zo da adadin da ya dace, kana sane da cewa mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jaka 42 ne a wata tun farkon shekarar 2024. Haƙƙinka ne kuma ka tambaya cikin ladabi ko kwantaragin mai wa'adi ne ko na dindindin, wata nawa ne lokacin gwaji, kuma ko za a yi maka rajista a CNSS, wato asusun fansho da kula da jin daɗin ma'aikata. Duk wanda ya kira ka a waya ya ce ka tura kuɗi domin a sa sunanka cikin waɗanda za a gana da su, ka sani macuci ne, domin ma'aikatar gaskiya ba ta sayar da ganawa.

Kafin ka fita, ka tambayi lokacin da za a ji sakamako. Ka sanar da mutanen da ka ba da sunayensu a matsayin masu shaidarka cewa ana iya kiransu, ka tuna musu da aikin da kuka yi tare, lambar wayar da ka rubuta a CV, wato takardar tarihin karatunka da ayyukanka, kuma ta kasance a buɗe da caji cikin kwanakin da za su biyo baya. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki wasiƙar neman aiki mu rubuta ta tare. Wassalamu alaikum.