Keken Dogarawa a Lokacin Hunturu: Yadda Za a Kare Dattijai Daga Faɗuwa

Assalamu alaikum masu kallo. Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu takan taso daga Sahara ta lulluɓe Birnin Kebbi da Argungu da Jega da sauran garuruwanmu da hazo, kuma a wannan lokaci ne tsoho ya fi jin nauyin jikinsa, domin gwiwa takan riƙe da safe, yatsu su sandare, dunduniya ta tsage da faso. Bayaninmu na yau ya shafi dattijon da ke tafiya da keken dogarawa mai taya huɗu, wanda ake kira rolato, da kuma 'ya'ya da jikokin da ke ɗawainiya da shi.

Ga yadda keken yake: mariƙi biyu, kowanne da hannun birki a ƙarƙashinsa, kujerar hutawa a tsakiya, sai jakar ajiye kaya. Wata mata 'yar ƙasar Suwidin mai suna Aina Wifalk ce ta ƙirƙiro shi a shekarar 1978, bayan ta daɗe tana tafiya da sanduna sakamakon cutar shan inna har kafaɗunta suka gaji. A ƙasarta da sauran ƙasashen sanyi, abin da masu wannan keke suke tsoro shi ne ƙanƙarar da ke daskarewa a kan hanya da gishirin da ake zubawa don narkar da ita, wanda yake cin ƙarfen keken. Mu a Kebbi ba mu da ƙanƙara, amma muna da ƙura da bushewa da duhun asuba, kuma kowannensu yana iya kayar da mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ne ke rasuwa a kowace shekara sakamakon faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a cikinsu.

Abin da ya bambanta wannan keke da sanda shi ne yana gangarawa da kansa, saboda haka lafiyar mai shi ta rataya ne a kan birki. Idan aka matse hannun birkin sama, keken zai rage gudu. Idan aka danna shi ƙasa har ya yi ƙara, tayoyin baya sun kulle ke nan. Ƙurar hunturu gari ce mai laushi, tana shiga cikin wayar birkin ta sa ta yi tauri, tana kuma kwanciya a kan taya ta hana birkin kamawa sosai. Don haka kowace safiya, kafin Baba ko Inna su miƙe, wani daga cikin gida ya kulle birkin biyu ya tura keken gaba da ƙarfi. Idan tayoyin baya suka juya, ko ɗaya ya kama ɗaya ya saki, kada a yi amfani da keken sai an gyara. Gyaran ba shi da wuya, domin wayar irin ta keken hawa ce, kuma mai gyaran keke na unguwa zai iya ɗaure ta. A goge tayoyin da tsumma mai ɗan danshi, a cire zare da gashi da guntun leda da suke naɗewa a tsakiyarsu, amma kada a zuba mai a inda birki yake taɓa taya.

Hannun da zai matse birkin shi ma yana bukatar kulawa, kuma a nan ne mutane da yawa ba sa lura. Saboda bushewar fata, kowa yana shafa man kaɗanya ko basilin, abu ne mai kyau kuma ba mu ce a daina ba, sai dai tafin hannun da ya sha mai yana zamewa daga mariƙi a daidai lokacin da ake bukatar riƙo. A shafa man da dare, ko kuma a goge tafin hannu da mariƙin kafin a fara tafiya. Safar hannu ta ulu ma tana da santsi, gara wadda tafinta yake da roba. Dattijon da ke fama da sanyin ƙashi ya ɗumama hannunsa da ruwan ɗumi, ya dunƙule yatsu ya buɗe sau da dama, sannan ya gwada matse birkin yana zaune.

Sai tufafi. A cikin sanyi dattijo yakan saka rigar sanyi, ya ɗora babbar riga, ya yafa bargo, dattijuwa kuma ta ƙara mayafi a kan dogon hijabi, kuma duk abin da ya sauko ya kai taya zai iya shiga cikinta ya fizgi mai shi. A tattare hannun riga a kan kafaɗa, a ɗaura zani sama da idon sawu, a bar bargo a ɗaki. Silifas da safa haɗi ne mai haɗari, musamman a kan tayil ɗin da ƙura ta kwanta a kansa ko ruwan alwala ya zube. Takalmi rufaffe mai gindin roba shi ne ya dace.

Ga yadda dattijo yake tsayawa daidai da keken. Idan ya miƙe ya saki hannuwansa, mariƙin yana daidai da wuyan hannunsa, kuma idan ya kama, gwiwar hannunsa takan ɗan lanƙwashe kaɗan. Ƙafafunsa suna tsakanin tayoyin baya, bai tura keken can gaba yana bin sa a duƙe ba. Sanyi yana sa mutum ya takure ya sunkuya, kuma wanda ya sunkuya ya tura keken nesa da jikinsa, nauyinsa ne zai ƙara wa keken gudu. Idan zai zauna a kan kujerar, sai ya kulle birkin biyu a wuri mai daidai, ya juya a hankali har bayan ƙafarsa ya taɓa kujerar. Kuma muna roƙon jikoki da kada su tura kakansu yana zaune a kai, domin ba a ƙera wannan keke don haka ba, ɗan dutse ya isa ya kifar da shi.

Fitar asuba ita ce ta fi damunmu. Mun san yadda zuciyar dattijo take rataye da jam'i, amma a lokacin ne duhu da hazo da sanyi suke haɗuwa, ga kuma jiri da yake kama wanda ya miƙe da sauri daga kwanciya, musamman mai shan maganin hawan jini ko wanda ya rage shan ruwa saboda sanyi ya ɗauke masa ƙishi. Ya zauna a bakin gado na ɗan lokaci kafin ya miƙe, a kawar da kaskon wuta da buta da gefen tabarma daga hanyarsa, a ɗaura tocila a gaban keken, kuma wani ya raka shi. A lungunanmu masu yashi ƙananan tayoyi masu inci 6 suna nutsewa su tsaya cak, jikin mutum kuma ya ci gaba, shi ya sa mai yawan fita waje ya fi dacewa da taya mai inci 8 ko fiye. Idan aka zo bakin kwata ko dakali, a fuskance shi kai tsaye, kada a hau shi a karkace. Yawon motsa ƙafa kuwa a bar shi sai hantsi, lokacin da rana ta ɗaga, jiki ya saki, masu babur kuma suna iya hango mutum daga nesa.

Idan duk da haka aka faɗi, kada a yi gaggawar ɗaga dattijon. A lulluɓe shi, a tambaye shi inda yake masa ciwo. Idan ya kasa taka ƙafa, ko yana kukan ƙugu, ko ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, ko ya bugu a kai, a kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashi kafin a nemi mai ɗori. Bayan ya samu sauƙi, a je da keken sashen gashin ƙashi da motsa gaɓɓai na asibitin, domin ma'aikatan wurin su sake daidaita tsawon mariƙin su kuma kalli yadda yake tafiya da shi.