Laccar Tarihi: Cocin Angoville-au-Plain, Inda Aka Yi Jinyar Aboki da Abokin Gaba a Benci Ɗaya

Assalamu alaikum, jama'a. Barkanku da zuwa, Allah ya saka da alheri bisa wannan lokaci da kuka bayar.

Yau za mu je arewa maso yammacin Faransa, yankin Normandi, wani ɗan ƙauye da ake kira Angoville-au-Plain. Gidajensa ba su da yawa, mutanensa ba su kai ɗari ba. Babu kasuwa, babu tasha. Abin da ke kai baƙi can shi ne wani tsohon coci na dutse, wanda tushen gininsa ya haura shekara 800. Mutum zai iya zagaye cikinsa a minti goma ya fito yana cewa bai ga komai ba, shi ya sa nake so ku fara sanin abin da ya faru, kafin mu zo kan inda ake dubawa.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila. Jamus ta mamaye Faransa tun 1940. A daren 5 ga Yuni 1944, wayewar garin 6 ga wata, Amurka ta sauke sojojin laima kusan 13,000 a bayan gaɓar tekun da aka laƙaba wa suna Utah, domin su kama hanyoyi da gadoji kafin dakarun jiragen ruwa su iso da safe. An raba filayen saukar da haruffa, kuma wanda ake kira D yana daf da wannan ƙauye. Aikin wasu daga cikin waɗanda aka sauke a nan, 'yan runduna ta 501 da ke ƙarƙashin babbar runduna ta 101, shi ne kama madatsar ruwa ta La Barquette da rusa gadojin kogin Douve da ke kan hanyar garin Carentan.

Abu biyu suka ɓata shirin. Na farko, Jamusawa sun riga sun yi amfani da madatsar sun cika fadamun yankin da ruwa. Sojan laima yana sauka ne da kaya masu nauyin gaske ɗaure a jikinsa, ga igiyoyin laimar, don haka ruwan da bai wuce ƙirji ba ma yana iya halaka shi cikin duhu. Na biyu, Jamusawa sun gane cewa filin ya dace da saukar laima, sun kafa bindigogi suna jira. Kafin gari ya waye, gonaki sun cika da masu rauni.

A cikin waɗanda suka sauka lafiya akwai samari biyu masu aikin jinya, Robert Wright da Kenneth Moore. Ku lura, ba likitoci ba ne. Ƙananan sojoji ne da aka ba horon taimakon gaggawa, ba sa ɗaukar makami, sai ƙyalle mai jan kuros a damtse. Su ne suka mayar da cocin wurin jinya, suka rataya tutar jan kuros a ƙofa.

Me ya sa coci? Bangon dutse ne mai kauri, harsashin bindiga ba ya ratsa shi. Bencinan cikinsa sun zama gadaje, ana kwantar da mutum sama da ƙasa mai sanyi. Kuma hasumiyarsa ana hango ta daga nesa, mai rauni ya san inda zai dosa. Amma wannan hasumiya ita ce kuma haɗarin. A yaƙin Normandi kowane ɓangare na zargin cewa abokin gaba ya ajiye mai leƙe ko maharbi a saman coci, shi ya sa masu igwa ke fara auna hasumiya. Coci da dama a yankin ta haka suka rushe.

Bari in ɗan tsaya a kan abin da ke cikin jakar mai jinya na sojan Amurka a wancan zamani, don a nan ne ake gane girman aikin. Akwai bandeji naɗe cikin ƙaramin gwangwani. Akwai garin maganin salfa da ake barbaɗawa a kan rauni don hana shi ruɓewa. Akwai almakashi na yanke tufafi, da maɗaurin tsayar da jini, da 'yan takardun da ake ɗaura wa majinyaci a rubuta abin da aka yi masa. Sai maganin kashe zafi, morfin, a cikin ɗan bututu kamar na man goge baki, da allura a bakinsa, mai ɗauke da kimanin miligiram 30.

Wannan morfin yana da tarko. Wanda ya zubar da jini sosai, jikinsa ya yi sanyi, jini ba ya zagayawa yadda ya kamata a ƙarƙashin fata. In an yi masa allura, maganin sai ya tsaya wuri ɗaya, zafi bai ragu ba. Wani mai jinya ya zo ya ga yana kuka, ya ƙara masa ta biyu. Da zarar an rufe shi da bargo jiki ya ɗumama, duka biyun su shiga jini lokaci guda, numfashi ya tsaya. Dabarar da aka koya musu ita ce a soke bututun da aka gama amfani da shi a wuyan rigar majinyaci, duk wanda ya zo daga baya ya gani. Haka kuma ba a ba wanda ya ji rauni a kai, domin maganin yana danne numfashi kuma yana ɓoye alamun da ake dubawa.

Maɗaurin jini ma yana da nasa. Koyarwar lokacin ita ce a riƙa sassauta shi lokaci-lokaci don kada gaɓar ta mutu. Daga baya aka gane cewa duk sassautawa jini ne ke ƙara zuba, har mutum ya ƙare a hankali, aka daina wannan koyarwa. Akwai kuma busasshen ruwan jini da ke zuwa a kwalba biyu, ɗaya gari ɗaya tataccen ruwa, a haɗa a ɗaura ta jijiya. Yana cike gurbin abin da ya zuba, amma ba ya ɗaukar iskar numfashi kamar cikakken jini. Ma'ana yana sayen lokaci ne kawai, har a kai ga likitan tiyata. Su kuwa waɗannan samari babu likitan tiyata a kusa, babu hanyar fitar da kowa.

Da baro da amalanken gona suka riƙa fita cikin ruwan harsashi suna kwaso mutane. Kuma duk wanda suka tarar shi suke ɗauka, Ba'amurke ne ko Bajamushe. Doka ɗaya suka kafa, suka tsaya a kanta: duk mai shigowa ya ajiye makaminsa a waje. A ganina wannan doka ita ce ta ceci kowa a ginin. Yarjejeniyar Janeba ta 1929 ta ba wurin jinya kariya, amma kariyar tana faɗuwa da zarar an mayar da wurin sansanin faɗa. Bindiga ɗaya da aka harba daga taga ta isa ta sa a ɗauki cocin a matsayin wurin da ya halatta a kai wa hari.

An gwada dokar kuwa. Ƙauyen ya yi ta sauya hannu. Da sojojin Amurka suka ja da baya, Wright da Moore suka zauna da majinyatansu. Jamusawa suka shigo, suka tarar da 'yan uwansu kwance a benci kusa da Amurkawa, ana yi musu jinya iri ɗaya, sai suka bar samarin suka ci gaba da aiki. Ana cikin haka wani harsashin igwa ya huda rufin ya faɗo tsakiyar cocin, ya tsaga daɓen dutse. Tagogin gilashi duk suka tarwatse. Da ƙura ta lafa ƙauyen ya tabbata a hannun Amurka, sai ga sojojin Jamus biyu sun sauko daga hasumiya sun miƙa wuya. Ashe suna can ɓoye duk tsawon lokacin. A ƙarshe mutum kusan 80 aka yi wa jinya a wannan ɗan gini, har da wani yaro na yankin, kuma ƙalilan ne suka rasu. An ba Wright da Moore lambar yabo ta Silver Star.

Wani abin lura, sunan cocin tun asali na waliyyan Kirista biyu ne, Kosmas da Damiyan, 'yan uwan juna, likitoci da aka sani da yin magani ba tare da karɓar kuɗi ba. Sunan ya riga yaƙin da ɗaruruwan shekaru.

To, wanda Allah ya nufa da zuwa, ga yadda ake yi. Daga Faris ana hawa jirgin ƙasa a tashar Saint-Lazare, layin Cherbourg, a sauka a Carentan, tafiyar awa biyu da rabi zuwa uku. Daga Carentan zuwa ƙauyen bai kai kilomita goma ba, amma kada ku dogara da motar haya ta layi. Ku yi hayar mota, ko keke, ko ku ɗauki tasi ku yi yarjejeniya da direba ya jira ku ko ya dawo. Kuskuren da baƙi suka fi yi ke nan: a sallami tasi a ƙofar coci, a fito babu abin hawa. Wajen neman hanya a waya ku rubuta cikakken sunan, don akwai wasu garuruwa masu suna Angoville a Normandi. Tun 2016 an haɗe ƙauyen da ƙaramar hukumar Carentan-les-Marais. Ku tafi da ruwan sha da guzuri, da rigar ruwa ko da bazara ce. Makon 6 ga Yuni kuwa cunkoso yake yi, ana rufe wasu hanyoyi saboda bukukuwan tunawa. Mai son ya gani a natse ya zaɓi wani lokaci, ya je da safe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso.

In kun shiga, ku tsaya ido ya saba da duhun ciki tukuna. Ku bi bencinan a hankali kuna duban wurin zama: a kan wasu za ku ga tabo mai duhu, ruwan ƙasa-ƙasa. Jinin majinyatan ne, katako ya shanye shi, kuma mutanen ƙauyen suka bar shi yadda yake. Kada a taɓa, kada a zauna a kai, domin gumin hannu da gogayya suna cinye shi. Sannan ku dubi ƙasa a tsakiyar hanyar da ta raba bencinan, za ku ga dutsen daɓen da ya tsage. Ku ɗaga kai ku dubi tagogin gilashi masu launi da aka sa daga baya, akwai wadda aka yi don tunawa da masu jinyar biyu, akwai ta sojojin laima.

Wurin ibada ne har yau, ba gidan tarihi ba. Maza su cire hular rana, a rage murya, in an tarar ana addu'a ko jana'iza a jira a waje. Ba a biyan kuɗin shiga, amma akwai akwatin gudummawa, kuma ƙauye mai mutane kaɗan haka ba ya iya ɗaukar nauyin gyaran rufi da bango shi kaɗai. Ku riƙe 'yan kuɗi a hannu saboda haka.

Kafin ku tafi, ku zagaya maƙabartar da ke harabar cocin. Robert Wright ya yi ta dawowa ƙauyen a shekarun tsufansa, ya kuma nemi a binne shi a nan. Ya rasu a 2013, Moore ya bi shi a 2014. An kawo wani ɓangare na tokar gawar Wright aka binne a gefen cocin. Dutsen ƙarami ne, shimfiɗe a ƙasa, mai sauri zai wuce bai gan shi ba. Ku nemi haruffa uku a kansa, haruffan farko na sunayensa: R.E.W.

Nan zan tsaya. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa abin magana.